Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Tankar T-34 da Yi Mata Fenti

Duk wanda ya tambaye ni tankar da zai fara gwada hannunsa a kanta, nakan ce ya nemi T-34/76 ta kamfanin Tamiya na Japan, mai ma'aunin 1/35, wato kowace santimita ɗaya a jikin samfurin tana wakiltar santimita 35 a jikin tankar gaske. Tarayyar Sobiyet ta fara ƙera T-34 a shekarar 1940, kuma tsawon gangar jikinta ya kusa mita 6, saboda haka wadda za ka haɗa ba za ta wuce santimita 17 ba idan aka cire bututun igwa. Kwalin tsohon yayi ne, tun na shekarun 1970, sassansa ba su da yawa, suna shiga juna ba gardama, kuma launi ɗaya ne tak a jikinta, wanda hakan babban sauƙi ne ga sabon hannu.

Da ka buɗe kwali, ka wanke firam-firam ɗin robar da sassan suke maƙale a jikinsu da ruwan sabulu, ka bar su su bushe, domin maiƙon injin da ya zubo su yana hana fenti kamawa. Kada ka murɗe sashe da hannu don cire shi daga firam. Ka yanke shi da ƙaramar filaya ko abin yanke farce, nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka kankare guntun da reza, ka bi da sandifefa mai lamba 600. Gam kuma na roba za ka nema, irin Tamiya Extra Thin mai koren murfi, wanda yake narkar da fuskokin biyu su zama abu guda. Ana haɗa sassan a bushe tukuna, a taɓa bakin buroshin a kan layin, ruwan ya bi tsagin da kansa. Na sha ganin wanda ya ɗauko sufa gulu ya malala, ya bar farin tabo da zanen yatsansa a bayan tanka har abada.

Bututun igwar ɓari biyu ne, don haka bayan gam ya bushe sai a goge layin tsakiya har ya ɓace, ana juya bututun a cikin sandifefa don kada gefe ɗaya ya baje. Tayoyi, biyar a kowane gefe, kada ka manne su yanzu, haka ma sarƙar da tankar take tafiya a kanta. Tayoyin Tamiya suna da 'yar roba a ciki da ke ba su damar shiga da fita, saboda haka sai ka soke kowace a tsinken sakace ka yi mata fenti daban.

Fentin shimfiɗa na gwangwanin fesawa shi ne na farko, a tsaya kamar taƙi ɗaya daga tankar, a wuce da sauri sau biyu ko uku. Da hunturu kuwa sai ka tanadi kwali ka kife a kanta da zarar ka gama, in ba haka ba ƙura za ta zauna a ɗanyen fenti ta zama kamar tsakuwa. Launin tankokin sojan Sobiyet na wancan zamani kore ne da ake kira 4BO. Wanda ba shi da injin fesawa, kuma ban ga dalilin kashe kuɗi a kansa a tankar farko ba, ya sayi fentin Vallejo na ƙasar Sifen, domin da ruwa ake tsinka shi kuma yana bin buroshi, alhali fentin kwalba na Tamiya yana bushewa tun yana kan gashin buroshi, musamman a zafin bazara. A tsinka shi ya yi kaurin madara, a shafa sau uku ko huɗu, ana barin kowane shafi ya bushe. Shafin farko zai fito da muni, dabbare-dabbare, kuma a nan ne sabon hannu yake firgita ya ƙara kauri ya binne kusoshi da layukan walda.

Inda na fi so a tsaya a saurara shi ne matakin fito da lunguna, domin a nan na taɓa asarar aikin mako biyu cikin minti biyar. Abin da ake yi shi ne a ɗauki ɗan fentin mai, ruwan ƙasa mai duhu, a tsinka shi da tina, wato ruwan tsinka fenti, har ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga shi a gindin kowane ƙusa, da bakin ƙofofin sama guda biyu masu da'ira, da ragar injin baya, domin ya kwanta a rami ya yi inuwa. Kuskurena shi ne na zuba shi kai tsaye a kan koren fenti marar sheƙi. Irin wannan fenti, idan ka dube shi da gilashin ƙara girma, fuskarsa kaushi ce kamar bangon laka, sai ya shanye ruwan nan take ya baza shi, tankar ta koma baƙa ƙirin da taswirar tabo a ko'ina. Da na ɗauko auduga don gogewa, sai koren ya biyo ta har farar shimfiɗa ta bayyana.

Maganin wannan shi ne a rufe tankar gaba ɗaya da fenti garai-garai mai sheƙi, irin X-22 na Tamiya, a ba shi kwana biyu cur, ko da ya yi kamar ya bushe cikin awa ɗaya. A kan sheƙi ruwan yana gudu ya nemi lungu da kansa, abin da ya yi saura a fili kuma sai a jira kamar minti goma sha biyar a ɗauke shi da buroshi mai ɗan danshin tina, ana ja daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ruwan sama yake gangarowa. Dole ne fentin ƙasa ya zama na ruwa, na sama kuma na mai, domin kada tinar ɗaya ta narkar da ɗayan. Kuma tinar masu zanen hoto nake nufi, mai sanyi. Tinar masu fentin mota tana cin roba, kananzir kuma ba ya bushewa da wuri, yana barin maiƙo. Ko tina mai sanyin ma kada a bari ta taru a mahaɗar ƙananan sassa, domin tana sa roba ta yi gautsi, sai ka ga marikin hannu ya faɗo.

Lambobi da rubutun jikin ƙoƙon igwa, wato ɗakin sama mai juyawa da ke ɗauke da igwar, su ma a kan wannan sheƙin ake manna su, kafin ruwan lunguna, bayan an jiƙa su a ruwan ɗumi na daƙiƙa goma zuwa ashirin. Idan aka ɗora su a kan kaushi, iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsu su riƙa ƙyalli kamar azurfa.

Sarƙar da ke cikin kwalin ta roba mai laushi ce, ana haɗa bakinta ta hanyar narkar da 'yan ƙusoshinta da sukundireba mai zafi. A shafa mata fenti ruwan ƙasa mai duhu, a goga fensir a inda take taka ƙasa don ta yi ƙyallin ƙarfe. T-34 ba ta da ƙananan tayoyin da ke tallafe sarƙa ta sama, a kan manyan tayoyin take kwanciya, don haka sai ka ɗaure ta da baƙin zare a jikinsu ta ciki, kada ta tsaya a sama kamar igiyar shanya. Daga nan a fesa fenti garai-garai marar sheƙi a kashe ƙyallin, a kankare allin zane mai launin ƙasa ya zama gari, a zuba shi da busasshen buroshi a tayoyi da ƙasan jiki kaɗai, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya yi kama da ƙurar hanya.