Kada ka yar da layin gida don ka shigo Ingila

Ranar da na fara sauka filin jirgin saman Heathrow na Landan, ban kai ga ɗaukar jakata ba wayata ta cinye katin da na loda a Kano kafin in taso. Ban kira kowa ba. Data ce na bari a kunne, wayar ta kama sabis ɗin wani kamfanin nan, hotuna da bidiyoyin gurufgurup na WhatsApp suka yi ta sauka a farashin romin, wato kuɗin amfani da layin gida a ƙasar waje. Kafin in ankara, ko na filashin babu. To ɗan'uwa, tun kana cikin jirgi ka shiga saitin wayarka ka kashe datar romin a layin gida. Filin jirgin yana da Wi-Fi kyauta, ya ishe ka ka shaida wa Hajiya ka sauka lafiya.

Amma kashe data daban, cire layi a jefa cikin aljihun akwati daban. Nan ne da yawa daga cikinmu suke yin kuskure. Lambar nan taka ta MTN ko Airtel ko Glo ita ce ke ɗaure da NIN ɗinka da BVN, kuma ta nan bankinka yake turo lambar sirrin da ake kira OTP. Ranar da za ka tura wa ƙaninka kuɗin makaranta daga asusunka na gida, banki ya ce ya aiko lamba, kai kuwa layin ya mutu, ranar za ka san darajarsa. Galibi karɓar saƙon tes a ƙasar waje ba a cajinsa. Amsa kira kuwa ana caji, ko da ba kai ka kira ba, shi ya sa idan aka kira ka ta layin gida gara ka katse ka bi mutum ta WhatsApp.

Layi kuma yana mutuwa in an ƙyale shi. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin kuɗi da shi ba ana iya rufe shi, in aka ƙara daɗewa a sayar wa wani lambar. Ka yi tunanin baƙon da ba ka sani ba yana karɓar alat ɗin bankinka. Maganin ba wuya: duk bayan wata ɗaya ko biyu ka sa masa ɗan kati ta manhajar banki, ka tura tes guda. Kafin ka baro gida ma ka je ofishin kamfaninka ka tabbatar an buɗe maka romin, ka kuma sa manhajar bankinka ta zauna daram a wayar, domin lambobin nan masu tauraro da muka saba dannawa ba kullum suke aiki a nan ba.

Sai layin Ingila. Sauƙinsa zai ba ka mamaki: ba layin rajista, ba ɗaukar hoto, ba dangwala yatsa. Shagon unguwa ko babban kanti irin Tesco za ka shiga ka ɗauki sim, fam ɗaya ko ma kyauta, ka sa masa kuɗi. Manyan kamfanonin su ne EE, O2, Vodafone da Three, sai ƙananan da suke hawa bayansu, kamar giffgaff da ke kan O2 da Lebara da ke kan Vodafone. Mutanenmu sun fi son Lebara da Lyca saboda kiran ƙasashen waje, sai dai ka duba da idonka ko Najeriya ko Nijar na cikin ƙasashen da aka ba mintoci kyauta, kada ka dogara da “an ce”.

Ni a ganina, sabon zuwa ba shi da haɗi da kwantiragin wata 24. Za ka ga sabuwar iPhone a gilashi, yaron shago ya ce kuɗi kaɗan ne duk wata. Da farko ma sai sun binciki tarihin bashinka, kai kuwa ba ka da shi tukuna. In kuma suka ba ka, bashi ne ka ɗauka, wata guda ka gaza biya ya shiga tarihinka, yana iya biyo ka nan gaba. Ɗauki na wata-wata wanda za ka bari duk ranar da ka ga dama. In sabis ɗinsu ba ya kamawa a ɗakinka, ka tura kalmar PAC zuwa 65075, su ba ka lambar da za ka koma wani kamfani da ita ba tare da ka rasa lambarka ba.

Lambar nan ta Ingila mai farawa da +44 ka samo ta a makon farko, domin banki da likitan unguwa da mai gida da wurin aiki duk ita za su tambaya. Tun da katin izinin zama na BRP ya ƙare a 31 ga Disamba 2024, takardar zamanka ma ta koma intanet, a asusun hukumar biza ta Birtaniya, UKVI, kuma lambar shiga asusun, ta wayarka ko imel ɗinka ake turo ta. In ka sauya layi, ka gyara a can tun da wuri.

Waya mai sim biyu ita ce rufin asirin ɗan ci-rani: na gida na tes, na nan na data. Mai iPhone sai ya sa ɗaya ya zama eSIM, wato sim ɗin da ake lodawa a wayar ba tare da kati ba. WhatsApp ɗinka zai ci gaba da tafiya da tsohuwar lambarka ko ka sauya sim, amma ka sa masa lambar tsaro ta mataki biyu. Caja kuwa kada ka sayi komai, soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu.

In hutu ya kai ka Faransa ko Jamus, kada ka ɗauka layin Ingila zai yi aiki kyauta. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, EE da Vodafone da Three sun dawo da cajin romin a 2022, O2 bai bi su ba. Duba naka kafin ka hau Eurostar, jirgin ƙasan da ke tsallakawa Faransa.

A titunan Landan kuma a riƙa kula, masu keken lantarki suna fizge waya a hannu. Danna *#06# ka kwafe lambar shaidar wayarka, IMEI, a takarda, ka ajiye ta tare da fasfonka.