Babi na 6: Tsaron ɗaki a gidan haya

Darasi na 1: Sabon ɗaki, sabon kwaɗo

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Da yawanmu a nan Damagaram haya muke zaune, wani a Sabon Gari, wani a Zango, wata a Karkada ko Garin Malam. Ƙofar gidan haya ba ta mutum ɗaya ba ce. Baƙin maƙwabta su shiga, mai ga-ruwa ya shiga, almajirai da ƴan talla su shiga. Abin da ke hannunku shi ne ƙofar ɗakinku, kuma a kanta za mu tsaya.

Ranar da kuka tare, ku sayi sabon kwaɗo. Kada ku yi aiki da wanda kuka tarar. Kwaɗo yakan zo da makulli biyu ko uku. An miƙa muku ɗaya, to ina sauran? Wannan ba zargin mai gida ba ne, shi kansa bai san hannun da suka faɗa ba. Idan kuba ce a jikin ƙofar, ku nemi izininsa kafin a canja.

In kun je Kasuwar Dole, ku ɗauki kwaɗon a hannu ku ji nauyinsa. Ku duba ƙarfen nan mai lanƙwasa, ya zama mai kauri. Ku gwada kowane makulli a gaban mai shago, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ku dubi ƙarfen da ake rataya kwaɗon a jikin ƙofa. Idan yana girgiza, ɓarawo ba zai wahalar da kansa da kwaɗo ba, ɓalle ƙarfen zai yi. Ku kira kafinta, ko mai walda in ƙofar ƙarfe ce.

Darasi na 2: Ku danna, ku ja

A nan ne aka fi tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

Ku rufe ƙofa. Ku zura kwaɗo cikin kunnuwan nan biyu, duka biyun, ba ɗaya ba. Ku danna har ku ji ya yi ƙas. Daga nan ku ja shi ƙasa da ƙarfi. In ya buɗe, bai kama ba, ku sake. In ya riƙe, kun kulle.

Na kawo kwaɗo aji mun gwada. Wata baiwar Allah ta danna, ta juya za ta zauna, sai na sa ɗan yatsa na taɓa shi, ya wangame. Aka yi dariya, amma da aka zagaya, masu dariyar ma haka aka yi da su. Ba abin kunya ba ne. Ƙurar hunturu tana shiga cikin kwaɗo ta hana shi kamawa, daga nesa a ga kamar a kulle yake. In ya fara taurin kai, ku goga bakin fensirinku a jikin makulli, ku zura ku fitar har ya yi laushi. Kada ku zuba man gyaɗa, ƙura yake tarawa.

Mu maimaita tare: ku danna, ku ji ƙas, ku ja. Ido ba ya gane kwaɗon da ya kama, hannu ne ke ganewa. Ku ja.

Za ku masallaci da asuba? Ku danna, ku ja. Ruwa ya zo famfo cikin dare, kowa ya ɗauki jarka yana sauri? Ku ajiye jarkar, ku danna, ku ja. Lokacin zafi an ɗauke wuta, kun fitar da tabarma tsakar gida? Ɗakin da kuka bari a baya, ku danna, ku ja. Ranar Alhamis ta kasuwa da lokacin sallar Juma'a gida kan zama wayam, masu ɗauke-ɗauke kuwa sun san haka sarai.

Kuma don Allah ku bar cewa «yanzu zan dawo». Na gaji da jin wannan magana. Ɗaukar waya da rediyo ba ya kai tsawon alwala. Haka masu ɓoye makulli a saman ƙofa ko ƙarƙashin buta: haba jama'a! Wurin da kuka fara tunawa, nan ɓarawo ke fara lalubawa. Mace ta ɗaure shi a bakin zane, namiji ya sa a aljihun ciki. Ba a ba yaro ya tafi wasa da shi. Mun faɗa, mun sake faɗa, har yanzu wasu suna yi.

Kafin ku wuce wannan shafi, ku tashi ku je ƙofarku, ku danna, ku ja.

Darasi na 3: Dare da tafiya

Da dare ku sa sakata ta ciki. Kada ku bar waya tana caji kusa da taga, da sanda ake zaro ta. Babur a shigar da shi ciki, a sa masa sarƙa.

Ku riƙa gaisawa da samarin fadar da ke shan shayi a layinku, sun san baƙuwar fuska. In za ku yi tafiya, ku gaya wa maƙwabci ɗaya amintacce. Ban da shela a WhatsApp.

Darasi na 4: Lambobi

Lambar ƴan sanda 17 ce, wato ɗaya da bakwai. Ku rubuta ta a bangon littafinku.

A wayarku ku danna *#06#. Lambobi 15 za su fito, su ne shaidar wayarku. Ku kwafe su, za a tambaye ku a komisariya in an sace wayar. In an fasa ɗaki, ku sanar da mai gida da mai unguwa. In an kama mutum, ban da duka, a miƙa shi ga hukuma.

Aikin gida: ku rubuta 17 sau biyar, ku zo da kwaɗonku aji mai zuwa.