Yadda ake haɗa zaman tarihin gida ga 'ya'yan ruwa biyu a Kano

A gayyato dattawa daga dangin uwa da na uba, kada su wuce huɗu, domin idan suka yi yawa hirar kan koma gardama. Bayan la'asar ya fi dacewa.

A fara da tsofaffin hotuna: kaka ɗan Labanon a shagonsa na Kantin Kwari, kaka Bahaushiya ranar kamu, hannu sharkaf da lalle. Hoto kan sa dattijo ya saki baki fiye da tambaya kai tsaye.

A ajiye wayar da za a ɗauki hirar da ita kusa da mai magana, a kashe fanka, ƙararta na cinye murya. Lallai a nemi izini kafin ɗauka, musamman a gidan da dangi suka taɓa ƙin auren. A bar yaran su yi tambaya da kansu, ko Larabcinsu bai nuna ba.