Yadda Ake Gane Cutar Mantuwa Mai Nasaba da Jijiyoyin Jini a Jikin Tsofaffi

Ba kowace ruɗewar tsoho ce gigin tsufa ba. Akwai wadda asalinta daga jijiyoyin jini ne: jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, sai sashen ya mutu, kamar lambun da aka datse wa ruwa. In aka cire cutar Alzheimer, babu cutar mantuwa da ta kai ta yawa. Ta fi kama masu hawan jini, masu ciwon suga, mashaya taba, da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma ana iya kare wanda ya rage, kuma a nan aikin iyali yake.

Mataki na 1: Ku lura da abin da ya canza

Mutane sun fi sa ido a kan mantuwa, alhali wannan cuta sau da yawa ba ta nan take farawa ba. Tsoho zai iya kawo muku sunayen jikokinsa kaf, amma tunaninsa ya yi nauyi, tsara abu ya gagare shi. Ɗan kasuwar da ya shekara arba'in yana lissafi da ka, yanzu ya riƙe dubu ɗaya yana juya ta, ya rasa canjin nawa zai bayar. Hajiyar da ake kira girkin biki ta tsaya a madafa da rariya a hannu, ta rasa tankaɗe za ta fara ko ɗora ruwa. Wani alwala ce ke rikice masa, ya wanke ƙafa kafin fuska.

Jiki ma yana nunawa. Taku ya gajarce, ana jan ƙafa, ana yawan faɗuwa. Fitsari ya riƙa matsawa har ya kufce. Hali ya sauya: mai son hira ya koma zaman shiru, ko kuka ya zo ba dalili, ko dariya a inda ba a dariya.

Sai kuma yanayin tafiyar ciwon. Galibi tsoho zai yi watanni yana nan yadda yake, rana ɗaya a wayi gari ya ragu, ya sake tsayawa a nan, can kuma ya ƙara raguwa. Kowace raguwa tana iya zama wata ƙaramar jijiya ce ta toshe ba wanda ya sani. Wasu kuwa a hankali abin ke cin su, musamman in ƙananan jijiyoyin can cikin ƙwaƙwalwa ne suka ƙuntace.

Mataki na 2: Ku ware abin gaggawa

In jiya lafiya lau aka kwana, yau kuma tsoho yana sambatu bai san inda yake ba, kada a jira. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyin mafitsara, faɗuwar suga ko wani magani duk suna jawo haka, kuma ana warkewa. In kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti nan take, ko da abin ya wuce bayan mintuna kaɗan. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Mataki na 3: Ku rubuta, ku tattara magunguna

A samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da aka ga sauyi da irin sauyin. Ranar zuwa asibiti a zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, har da na kyamis da jiƙe-jiƙen gargajiya. Wanda ke kwana da tashi da shi ne zai raka shi, ba babban ɗan da ya zo daga Abuja jiya ba.

Mataki na 4: Ku ga likita

Likita zai auna jini, ya saurari bugun zuciya, domin bugun da ba ya tafiya daidai yana jefa gudan jini zuwa ƙwaƙwalwa. Zai yi wa tsohon tambayoyi, wataƙila ya ce ya zana agogo ya sa masa lokaci. Za a gwada suga, kitsen jini, ƙoda, sinadarin bitamin B12 da aikin thyroid, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI ne ke nuna tabon da toshewar jijiya ta bari. Irin wannan bincike sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, amma a fara da asibitin kusa, su ba da takardar turawa. Kada ku yi mamaki in an ce cutar ta haɗu da Alzheimer, hakan na faruwa sosai.

Mataki na 5: Ku riƙe hawan jini da hannu biyu

Babu ƙwayar da ke warkar da wannan cuta. Abin da ke rage saurinta shi ne hana wata jijiyar toshewa, kuma babban mai toshe su hawan jini ne. A ganina nan muka fi yin sakaci. Tsoho ya sha magani wata ɗaya, ciwon kai ya tafi, sai ya ce ya warke, ’ya’ya kuma su yi shiru don kunya. Hawan jini ba ya warkewa da kwali ɗaya, kuma sau tari ba ya ba da wata alama. A sayi na'urar awo ta gida, a riƙa aunawa ana rubutawa a littafin nan. In awo yana yawan kai 140/90 ko ya haura, a koma wurin likita.

Mai wannan cuta ba a barin masa magani a hannu. Zai manta, ko ya sha sau biyu. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin ba shi, a ɗaura shan da wani abin da ba ya tashi, kamar bayan sallar asuba. Kada a saya masa asfirin don an ji wani yana sha: in jijiya fashewa ta yi ba toshewa ba, asfirin ƙara ɓarna zai yi.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen miya ma gishiri ne, a lissafa da shi. Taba a bar ta gaba ɗaya. Mai ciwon suga ya tuntuɓi likita kafin ya ɗauki azumi.

Mataki na 6: Ku gyara zaman gida

Ku yi masa magana ɗaya a lokaci ɗaya, ku jira amsa. “Baba, ga ruwan alwala” ta fi jero masa abu huɗu a numfashi guda. In ya ce an sace masa kuɗi, kada a tsaya musu ko rantse-rantse, a ce “bari mu duba tare”. Kada a kulle shi a ɗaki don gudun abin da mutane za su ce, kuma a toshe bakin masu kawo zancen jifa ko maita. Ya ci gaba da zuwa masallaci da majalisa da ɗan rakiya, tafiyar ma magani ce. A ɗauke tabarmar da ke harɗe ƙafa, a bar fitila a hanyar banɗaki, a rufe rijiya, a sa masa takarda mai lambar waya a aljihu.

Maganar bashi, takardun gida da wasiyya a yi ta tun yana iya faɗin ra'ayinsa, a gaban shaidu. Jinya kuma a raba ta da kwanaki da kuɗi tsakanin ’ya’ya maza da mata, domin ciwo ne na shekaru, kuma matar gida ko suruka ɗaya ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba.