Darasi na 7: Ɗaukar bayanan lafiya da wayar hannu

A da, mai zagayen gida-gida takan rubuta komai a rijista, takarda ta yi makonni kafin ta kai ƙaramar hukuma, wani lokaci ruwa ko gara su cinye ta a hanya. Yanzu ana sa fom ɗin a cikin wayar Android, a manhajar ODK Collect ko KoboCollect. Dukansu biyu suna aiki ko babu sabis. Sai lokacin turawa ne kawai ake buƙatar intanet.

Kafin ki fita, ki tabbatar waya ta cika da caji, ki duba kwanan wata da agogonta. Wayar da batirinta ya mutu murus takan farka da tsohon kwanan wata, sai aikin yau ya fito kamar na bara. Ki kashe data, ki rage hasken fuskar waya. Kada ki bar ta a rana, zafi yana kashe batir.

Idan kin yi sallama an amsa, ki gaisa da matar gida, ki faɗa mata abin da za ki rubuta da inda za a kai shi. Sai ta yarda za ki buɗe fom.

Fom zai nemi ki ɗauki wurin da gidan yake. Wannan daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, ba ya cin data, amma rufin kwano yana tare shi. Ki fito tsakar gida, nesa da bango da inuwar bishiya, ki jira lambar da ke fuskar waya, mai nuna tazarar kuskuren wurin, ta sauko zuwa mita 5 ko ƙasa. In kika yi gaggawa, gidan na iya bayyana a wani wuri daban, masu kawo magani su yi ta yawo ba su same shi ba.

Awon damtse, wanda ake gano tamowa da shi, wuri ne da ake yawan yin kuskure. Ana yin sa ga yara daga wata 6 zuwa wata 59. Uwa ta rungume yaron a cinyarta. Ki nemo tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake, ki naɗa ma'aunin, wato tef ɗin awo mai launin ja da rawaya da kore, ba matsewa ba sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. Daga 12.5 zuwa sama kore ne. Ki lura da abin da fom ke so: wani santimita yake karɓa, wani milimita, wato 115 a maimakon 11.5. Ki karanta wa kanki lambar da ƙarfi kafin ki wuce. Idan ma'auni ya nuna ja, ko kika danna saman ƙafafun yaro duka biyu, kusa da yatsu, na daƙiƙa 3 gurbin yatsa ya zauna, a kai shi asibiti a ranar. Kada a jira sai bayani ya isa ofis.

Uwar da ba ta san watannin ɗanta ba, ki tambaye ta: kafin Babbar Salla aka haife shi ko bayanta? Da damina ko da girbi? Kada ki yi ƙiyasi da ido.

Ajiyewa daban, turawa daban. Fom da kika kammala yana nan zaune a wayarki har sai kin je inda sabis yake, kin kunna data, kin tura, kin ga ya koma cikin jerin waɗanda suka tafi. Kafin haka, kada ki goge manhajar, kada ki bari mai gyara ya wanke wayar, domin duk abin da ba a tura ba zai salwanta. Ki sa mata lambar sirri kafin ki kai ta wurin mai caji: sunayen mutane da cututtukansu amana ne a hannunki.

Aikin gida: ku zauna bibbiyu, ɗaya ta auna yara uku, ɗaya ta shigar a waya, sannan ku sauya ku kwatanta lambobinku.