Darasi na 7: Jiri bayan bugun zuciya

An sallamo mutum daga asibiti bayan bugun zuciya, ciwon ƙirji ya lafa, amma da zarar ya miƙe daga gado sai ɗaki ya fara juya masa, idanu su yi duhu, gwiwoyi su saki. Wannan jiri yana samun mutane da yawa a makonnin farko, kuma galibi yana da dalilin da za a iya gyarawa.

Daga ina yake zuwa?

Sau da yawa daga magungunan ne. Bisoprolol da danginsa suna rage saurin zuciya don ta huta. Ramipril da lisinopril suna buɗe jijiyoyin jini. Furosemide, maganin sa fitsari, yana rage ruwan jiki. Dukansu suna saukar da jini. In mutum ya tashi tsaye, jini yakan gangara ƙafafu, jikin mai lafiya kuma ya turo shi sama nan take. Da waɗannan magunguna a jiki sai a samu jinkiri, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini na 'yan daƙiƙoƙi. Doguwar kwanciya, zafin rana, gudawa da amai duk suna ƙara abin. Mai ciwon suga kuma ya duba, wataƙila sugansa ne ya faɗi.

Gwajin da za ka yi a gida

In kana da na'urar awon jini, kwanta minti 5, ka auna, ka rubuta. Sannan ka tashi tsaye, wani na kusa da kai, ka auna bayan minti 1, ka sake bayan minti 3. In lambar sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa da 10, to jininka na sauka in ka tashi. Ka kuma ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, ka ƙirga harbawar jini na minti ɗaya cur. Ƙasa da 50 tare da jiri, likita ya sani a ranar. Rubuta lokacin da jirin ya zo da lokacin da ka sha magani. Wannan takarda ta fi dogon bayani amfani ga likita.

Yadda za ka tashi

Kada ka zabura daga kwance. Juya gefe, zauna bakin gado, ƙafafu a ƙasa, minti ɗaya ko biyu. Motsa idon sawu sau 10, ka dunƙule hannu ka saki. Sai ka miƙe kana dafe da wani abu mai ƙarfi, ka ɗan tsaya kafin ka ɗaga ƙafa. Dare ya fi haɗari, lokacin tashi fitsari: bar fitila kusa, kawar da duk abin tuntuɓe. Namiji ya yi fitsari a zaune. Wanka da ruwan ɗumi, ba mai zafi sosai ba. Abinci kaɗan-kaɗan, domin cika ciki yana janye jini zuwa hanji. In an ba ka maganin ciwon ƙirji na fesawa ƙarƙashin harshe, zauna tukuna kafin ka fesa, domin shi ma yana saukar da jini. Jiri ya taso? Zauna ko kwanta, ka ɗaga ƙafafu. Kada ka tuƙa mota ko hau tsani.

Babban kuskure shi ne mutum ya daina magani da kansa. Yanke bisoprolol farat ɗaya na iya dawo da ciwon ƙirji. Barin aspirin ko clopidogrel, magungunan hana daskarewar jini, na iya toshe ɗan bututun da akan sa a jijiyar zuciya don ta zauna a buɗe. Likita ne zai rage yawan magani ko ya sauya lokacin sha. Haka batun ruwa: tambaye shi nawa za ka sha, domin mai raunin zuciya akan iyakance masa. Kada ka ƙara gishiri don wani ya ce yana ɗaga jini.

A garzaya asibiti nan take in jirin ya zo da suma, ciwon ƙirji, haki, zuciya na harbawa ba bisa tsari ba, karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar magana. Haka in bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, domin magungunan hana daskarewar jini kan sa ciki ya riƙa zubar da jini a ɓoye.