Yadda Ake Gane Ko Awar Aikin Ƙasa Tana Ƙara Albarka

A ranar 26 ga Maris, 2024, Carolyn Rogers, babbar mataimakiyar gwamnan Babban Bankin Kanada, ta yi jawabi a birnin Halifax inda ta ce matsalar ƙarancin abin da awar aiki ke samarwa a ƙasarta ta kai ta gaggawa. Hujjarta lamba biyu ce. A 1984, abin da Kanada ke samarwa a awa ɗaya ta aiki ya kai kashi 88 cikin ɗari na abin da Amurka ke samarwa. Zuwa 2022 ya gangaro kashi 71. Da labarin ya shigo wani zaurenmu na WhatsApp, sai wani ya rubuta: "Ashe Turawa ma sun fara lalaci." Nan ne kuskuren da kusan kowa ke yi. Wannan ma'auni ba na lalaci ba ne, ba kuma na ƙwazo ba. Ga yadda ake karanta shi.

Mataki na 1: San abin da ake rabawa

Lissafin rabawa ne kawai: darajar abin da aka samar, a raba da awannin da aka yi ana aiki. A ce tela yana ɗinka kaftani 4 a yini, awa 10, kowanne naira 5,000. Ya tashi da 20,000. Cire zare, maɓalli da man janareta, a ce 4,000. Saura 16,000, ita ce darajar da shagon ya ƙara da kansa. Raba da 10: awarsa ta kawo naira 1,600.

Haka hukumar ƙididdigar Kanada ke yi duk wata uku, sai dai ita shagonta duk kamfanoni da gonaki da ma'adinan ƙasar ne. Tana ware ɓangaren kasuwanci ta bar ma'aikatun gwamnati a gefe, kuma da dalili. Aikin ɗan sanda ko na malamin makarantar gwamnati ba shi da farashi a kasuwa, galibi da kuɗin da aka kashe a kansa ake ƙiyasta shi, don haka raba shi da awa ba ya faɗa maka komai sosai. Kafin ka ɗauki kowace lamba, duba ko ta ɓangaren kasuwanci ce ko ta ƙasa baki ɗaya. Ba a haɗa su a faranti ɗaya.

Mataki na 2: Zare hauhawar farashi

Baɗi telanmu ya mayar da ɗinki naira 7,000. Kaftani 4 ne dai, awa 10 ce dai. A takarda awarsa ta yi tsada, a zahiri ko allura bai ƙara ba. Saboda haka nemi alƙaluman da aka rubuta cewa an cire musu tashin farashi. Idan za ka kwatanta ƙasa da ƙasa, kar ka yi da canjin dala na kasuwa. Nemi wanda aka daidaita da ƙarfin sayayyar kuɗin kowace ƙasa. In ba haka ba, duk ranar da kuɗin ƙasa ya faɗi sai ka ɗauka ma'aikatanta sun daina aiki cikin dare ɗaya.

Mataki na 3: Kar lambar kwata ɗaya (wata uku) ta ruɗe ka

Nan ake yawan zamewa. A tsakiyar 2020, lokacin kullen korona, wannan ma'auni ya yi tsalle a Kanada da Amurka. Wanda bai san dawar garin ba sai ya ce an yi abin kirki. Ba abin da aka yi. An rufe gidajen abinci, otal-otal da kantuna, inda awar aiki ke kawo kuɗi kaɗan, aka sallami ma'aikatansu. Waɗanda suka rage su ne na banki, na kwamfuta, na ma'adinai. Ƙasan lissafin, wato awannin aiki, ya ragu fiye da samansa, wato darajar abin da aka samar, sai sakamakon ya kumbura.

Kamar malami ne ya kori ɗalibai goma na ƙarshen aji ranar jarrabawa, sannan ya zo yana murna matsakaicin maki ya tashi. Da aka buɗe gari, masu ɗaukar faranti suka dawo bakin aiki, lambar Kanada ta yi ta sauka. Mai kallon 2020 kaɗai ya ga ci gaba, mai kallon 2021 kaɗai ya ga masifa, dukansu kuma inuwa suka gani. Ni dai ba na kula lambar da ba ta kai shekara biyar ba. Ka kuma tuna hukumomin nan kan gyara alƙalumansu bayan watanni, wani lokaci gyaran ya fi labarin farko girma, amma jarida ba ta komawa kansa.

Mataki na 4: Ja dogon layi, ka yi lissafin 70

Ɗauki shekara ashirin ko talatin, fitar da matsakaicin ƙaruwa na shekara, sannan ka raba 70 da shi. Abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da awar aiki za ta ɗauka kafin amfaninta ya ninka.

Amurka ce ta fi daɗin gwaji, don alƙalumanta sun faro tun 1947. Daga 1947 zuwa 1973 tana ƙaruwa da wajen kashi 2.8 a shekara: ninki cikin shekara 25. Uba ya yi ritaya, ɗansa na samar da biyun abin da ya samar a awa guda. Daga 1973 zuwa tsakiyar shekarun 1990 ta sauko wajen kashi 1.5: ninki sai bayan shekara kusan 47, wato sai jika. A ido bambancin 2.8 da 1.5 ba ya cika cokali, amma shi ne tsakanin ɗa da jika. Birtaniya ma tun rikicin kuɗi na 2008 ba ta koma saurin wajen kashi 2 da ta saba ba.

Mataki na 5: Nemi dalili a kayan aiki kafin ka zargi mutum

Koma shagon tela. Shi yana taka keken ƙafa, maƙwabcinsa na da injin lantarki da na surfani. Maƙwabcin ya ninka shi a yini, alhali shi ne ya fi zufa. Ran da aka ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi, sai mai keken ƙafa ya yi masa fintinkau. To wa ya fi ƙwazo? Tambayar ma ba ta da muhalli.

Rogers ba ta ce 'yan Kanada sun yi sanyi ba. Ta yi nuni ne da ƙarancin jarin da kamfanoni ke zubawa a injuna da fasaha, da rashin gasa mai zafi a wasu sassa, da kuma baƙin da suka shigo da ilimi amma suka ƙare a aikin da bai kai iliminsu ba. Yawan jama'ar ƙasar ya haura miliyan 40 a 2023, bayan ƙarin sama da mutum miliyan ɗaya a shekara. Hannaye sun ƙaru da sauri, injuna ba su bi sawu ba, sai rabon kowane ma'aikaci na kayan aiki ya tsuke. Don haka ajiye jadawali biyu kusa da juna: na amfanin awa da na jarin kamfanoni.

Ka yi haƙuri da sabuwar fasaha ma. A 1987 masanin tattalin arziki Robert Solow ya yi shaguɓe cewa ana ganin zamanin kwamfuta ko'ina ban da cikin waɗannan alƙaluma. Sai wajen 1995 ta fara bayyana a lissafin Amurka.

Mataki na 6: Ɗora shi kan albashi

Idan kuɗin da ake biyan ma'aikaci a awa ya ƙaru da kashi 5, amfanin awar kuma bai motsa ba, kowane kaya da aka samar ya ƙara tsada da kashi 5 ta fuskar ƙwadago. Ko kamfani ya haɗiye, ko ya ɗora wa mai saye. Abin da ya sa ma'aikaciyar babban banki ta damu da maganar ke nan.

Mataki na 7: Tambayi ko an sauya mudu

Wannan ya fi shafar mai son gwada lissafin a kan Najeriya. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take gina lissafin GDP (jimillar darajar abin da ƙasa ke samarwa a shekara) a kai daga 1990 zuwa 2010, sai adadin 2013 ya tashi daga wajen naira tiriliyan 42 zuwa 80. Ba masana'anta ko ɗaya da aka gina a daren. Wayar salula da fina-finai da sauran abubuwan da tsohon mudu bai auna da kyau ba ne suka shigo. A 2023 kuma ta sauya ma'anar mai aiki, ta koma duk wanda ya yi ko da awa ɗaya a mako, rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 na ƙarshen 2020 zuwa 4.1. Saman lissafi ya sauya, ƙasansa ya sauya. In ka ja layi ɗaya ya ratsa waɗannan shekarun, ka haɗa awon tiya da na kwano. Yanke jadawalinka a wurin sauyin, ka rubuta shekarar a gefe da jan biro, ka lissafa kowane ɓari daban.